Ni Na Hana A Kai Ta Asibiti

Hajiya Azumi, don girman Allah ki taimake ni. Ranar Litinin 'yan sanda suke son ganina, kuma ban san abin da zan faɗa musu ba.

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, a nan nake suyar waina a cikin gida. Ƙanena Iliyasu fataucin goro yake yi. Ya auri wata Bayarabiya Musulma, Khadijat, yarinya mai kunya, a bakina ma ta koyi Hausa. Da ta haihu, uwarta da ke unguwar Mokola ta ce a ba ta ita ta kula da ita. Ni kuwa na kafe. Na ce ɗanmu ne, wankanmu na Hausa za a yi, ni da na yi jego bakwai wa zai koya mini? Na ɗauko ta na sa a ɗakina.

A asibiti sun ce jininta ya hau, suka ce ta dawo bayan mako guda. Ban mayar da ita ba. Ina aka taɓa ganin mai jego a titi kafin arba'in? Na dage da ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, ga kunun kanwa. Wajen kwana goma sha biyar ƙafafunta suka kumbura, numfashi sama-sama, ko kwanciya ba ta iya yi sai a jingine. Na ce sanyi ne ya shige ta, na ƙara wa ruwan wuta. Sau biyu ta roƙe ni in kai ta asibiti, Hajiya, sau biyu, tana kirana Yaya. Na buga wa Iliyasu waya, yana Ondo wajen sarin goro, ya ce kada matarsa ta fita sai ya dawo ran Juma'a. Ran Alhamis da hantsi ta yanke jiki ta faɗi. A cikin keke napep ta cika a hanyar asibiti, ko shataletalen Mokola ba mu kai ba.

Uwarta ta shiga wankan gawa, ta ga yadda ruwan zafi ya saɓule wa 'yarta baya. Bayan sadakar uku sai muka ji ta kai ƙara. Ashe ana gobe za ta rasu marigayiyar ta tura wa ƙanwarta saƙon murya, ban san me ta faɗa a ciki ba.

Yanzu manyan unguwa sun ce a kai diyya a ba da haƙuri, magana ta mutu. Iliyasu kuma ya ce in ce lafiyarta ƙalau, ajali ne kawai, kada in ambaci wayar da muka yi. Ni na goya shi bayan rasuwar uwarmu. Jaririn, Hashim, yana hannuna, kamarsu ɗaya da uwarsa. Na daina suya, ko tukunyar ruwan wankan nan ba na iya kallo. Wallahi son ta nake yi. Kisa na yi ke nan? In yi ƙarya in tsare ƙanena, ko in faɗi gaskiya mu tafi gidan yari tare?

Yayar miji, Sabo, Ibadan

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Khadijat, Ya sa ta huta. Na karanta wasiƙarki, kuma ba zan yaudare ki ba.

Na yarda ba ki yi nufin kashe ta ba, kuma doka ta bambanta kisan ganganci da na sakaci. Sai dai a dokar laifuka ta jihohin kudu, wanda ya ɗauki nauyin marar lafiyar da ba ta iya taimakon kanta, dole ne ya sama mata abin da ranta ke bukata, har da magani. Ranar da kika karɓe ta daga hannun uwarta, nauyin ya hau kanki. Idan aka tabbatar rashin kai ta asibiti ne ya jawo mutuwar, ana iya tuhumarki da kisan da ba na ganganci ba, hukuncinsa kuma ɗauri ne da kan iya yin tsawo. “Maigida bai ba da izini ba” ba kariya ba ce. Amma tabbatarwar aikin masu ƙara ne da likitoci, kuma kotu tana duba niyya da nadama.

Maganar diyya, manyanku suna lissafi ne kamar a Arewa suke. A jihar Oyo ƙarar rai ta gwamnati ce, yafewar iyaye ba ta kashe ta kai tsaye. Kada ma ku aika da kuɗi yanzu, a ce bakin shaida kuke toshewa.

Ni ba lauya ba ce, don haka ki nemi lauya yau, ba gobe ba. In babu hali, akwai ofishin gwamnati mai ba talakawa lauya kyauta. Kada ki je ofishin 'yan sanda ke kaɗai, kada ki sa hannu a takardar da ba a fassara miki ba. Kina da ikon yin shiru har lauyanki ya zo, amma ba ki da ikon yin ƙarya. Ga saƙon murya, ga katin asibiti, ga abin da uwa ta gani da idonta. Ƙaryar ba za ta tsare Iliyasu ba, ke za ta dulmiyar. Ki faɗa wa lauya komai, har wayar. Shi da ya ce a jira Juma'a, ya zo ya tsaya ya amsa tasa tambayar.

Sannan, da shawarar lauya, a kai wa wannan baiwar Allah jikanta ta gani. Kin hana ta 'yarta, kada ki hana ta Hashim.

Yarinyar nan ta kira ki Yaya sau biyu ba ki amsa ba. Abin da ya rage da za ki iya yi mata shi ne kada ki ƙaryata ta tana kabari. Allah Ya yafe miki, Ya sassauta abin da ke gabanki, Ya raya marayan nan.

Hajiya Azumi