Rasuwar Baba Kafinta, Wanda Ya Mayar Mana da Rufi

Cikin alhini, amma da zuciya cike da godiya ga Ubangiji, Kwamitin Agaji na Haɗaɗɗun Ikilisiyoyi yana sanar da fastoci masu girma, dattawa, zumuntar mata da dukan jama'a cewa mun sami labarin rasuwar babanmu, Dattijon Ikilisiya kuma Shugaban Masu Aikin Rufi, wanda babba da yaro ke kira Baba Kafinta. Ya huta ranar Talata da hantsi a kan kujerarsa, yana da shekara saba'in da takwas, fensirinsa na saƙale a kunne.

Ba za mu manta ba, ranar da guguwa ta yaye rufin gidaje arba'in da ɗaya da majami'u biyu, mun taru a filin makaranta muna addu'a, Baba ya durƙusa tare da mu, amma kafin mu rufe baki da "Amin" ya miƙe yana cewa Allah ya ji, saura a miƙo masa guduma. Da kwamiti ya so a fara da majami'a, ya ƙi ƙememe, ya ce Mai Ɗakin ba ya jiƙewa, gwauruwa da 'ya'yanta ne ke jiƙewa. Haka muka yi wata biyu muna sujada a ƙarƙashin tamfol, bencinan coci kuwa ya haɗa su bibbiyu suka zama gadajen masu jego da tsofaffi. Bai taɓa tambayar mai gida inda yake ibada ba kafin a kafa tsani.

Da 'ya'yansa suka hana shi hawa sama, sai ya zauna a ƙasa yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, yana ba da umarni da sanda, yana rera waƙoƙin yabo da muryar nan da shugabar mawaƙa ta shekara talatin tana roƙon ya sassauta, bai sassauta ba. Babu faston da ya zo duba aiki ya koma bai ɗauki katako ba.

Ga Mama, uwargidansa, da 'ya'ya da jikoki, muna addu'a Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa zukatanku, ya ba ku haƙuri da juriya.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da safe, ranar Asabar kuma a koma bakin aiki, domin gidaje uku sun rage a jerin da marigayi ya rubuta da hannunsa, nasa ne kuma na ƙarshe. Kwamiti ya yanke shawarar a fara da gidansa, amma Mama ta aiko mana cewa shekara hamsin tana zaune da mutumin nan, ta san halinsa: a bi jerin yadda ya rubuta, za ta jira.

Sa hannu:
Dogon Sakatare,
Kakakin Kwamitin Agaji na Haɗaɗɗun Ikilisiyoyi