Yaya Sani, Baba Ya Yi Gudu a Dutsin-Ma

Zuwa ga yayana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can wurin haƙar zinariya. Inna na gaishe ka, su Hafsatu ma haka. Mun kira lambarka har mun gaji, kullum ba ta shiga. Shi ya sa na rubuta maka a shafina, don na san duk ranar da ka hau tudun nan da ka ce kuna samun sabis, za ka gani. Masu karantawa ku yi mani haƙuri, maganar gida ce, amma cikina ba zai iya riƙe ta ba.

Yaya, zan je Katsina gasar gudu! Ta makarantun jiha baki ɗaya. Ni, Kabirunka. Na san dariya kake yi, domin Kabirun da ka bari ko shago Inna ta aike shi sai ya tsaya hutawa a gindin darbejiya. To ka gyara zama, labari ne da ni.

Kai ka jawo ma, in gaskiya za a bi. Da ka sayar da babur ɗinka ka tafi, sai aka rasa mai kai ni makaranta. Ka san nisan da ke tsakanin ƙauyenmu na hanyar Birchi da cikin Kurfi. Makon farko kullum sai na makara, kullum sai an tare ni a ƙofa da bulala. Da na ga bayana ba zai ɗauka ba, sai na fara sassarfa. Nakan ɗaure jakata a baya da tsohon ɗankwalin Inna don kada ta riƙa dukana, in yi gudu daga wannan bishiya zuwa waccan, in tsaya in yi haki, in ƙara. Ban san lokacin da na daina tsayawa ba. Kawai wata safiya na ga kaina a ƙofar makaranta ba a ma kaɗa ƙararrawa ba, kuma numfashina lafiya lau.

Ashe Malam Lawal, malamin wasanninmu, yana biye da ni a kan kekensa tun daga kwalbatin nan na bakin gari. Ya sauka yana share gumi, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, ni nake kan keke amma ni na gaji. Ka same ni a fili da la'asar." Haka na shiga 'yan kuros.

Kuros muke ce masa, wasu kuma su ce gudun yada ƙanin wani. Ba zagayen fili ba ne irin wanda ka sani. Daji ake shiga: gona, yashi, tudu, kwari, duk abin da hanya ta kawo, sannan a dawo inda aka tashi.

Gasata ta farko ta cikin makaranta ce, kuma na sha kunya mai daɗi. Ana busa usur na fita kamar an koro ni, na wuce kowa, ina jin 'yan ajinmu na kiran sunana, kaina ya yi girma. Ba mu yi rabi ba wani abu ya soke ni a gefen ciki kamar mashi. Ina ji ina gani aka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar na shigo na shida, kuma mutum shida ake ɗauka su wakilci makaranta. Ina durƙushe ina amai Malam Lawal ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba a cin kuros a farko, Kabiru. Bar su su tafi, za ka tarar da su a hanya."

Daga nan aka fara shirin gasar shiyya da za a yi a Dutsin-Ma. Kyaftin ɗinmu Isiya ne, ɗan rugar nan ta bayan Kurfi, dogo siriri, in yana gudu ba ka jin ƙarar ƙafarsa. Shi ya koya mani in riƙa ja da hanci ina fitarwa da baki, in kuma rage faɗin taku in an zo tudu. Malam ya bayyana mana yadda ake lissafi: matsayin mutum huɗu na farko a kowace makaranta ake haɗawa, makarantu biyu da suka fi su ne za su je Katsina. Ni da nake na shida, na ɗauka rakiya kawai zan yi.

Saura amincewar iyaye. A nan ne abin ya kusa lalacewa.

Yaya, ba a gaya maka wannan a waya, amma ni zan gaya maka. Tun da ka tafi ba da son ransa ba, Baba bai ƙara kiran sunanka ba. In maganarka ta zama dole, sai ya ce "wancan". Ranar da na same shi da batun Dutsin-Ma yana ɗaurin damin dawa a gona. Bai ɗago ba. Ya ja igiya ya ɗaure tamau, sannan ya ce, "Ɗaya ya gudu ya bar ni da gona, kai kuma gudun ake koya maka a makaranta." Na ɗauki dami na kai amalanke, idona ya cika. Na riga na yanke shawarar gaya wa Malam a ba wani gurbina.

Inna ce ta shiga maganar. Ban san me ta faɗa masa ba. Washegari muna karin kumallo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya je." Iyakarta ke nan.

Ranar gasa ta faɗo ranar kasuwar Dutsin-Ma. Mun tashi da sassafe a bayan a-kori-kura, mu shida da Malam, muna ta waƙa da buga jikin mota har direba ya leƙo ya ce za mu ɓalle masa ƙarfe. Da dutsen garin ya bayyana daga nesa, waƙar ta mutu a bakinmu.

Ka ga jama'a, Yaya! Makarantu daga ko'ina. Wasu 'yan makarantar kwana sun zo da riguna iri ɗaya da takalma masu sheƙi, suna miƙe-miƙen jiki irin na talabijin. Ga kuma 'yan makarantar Makera, yawancinsu ba takalmi, sun zauna a inuwa suna kallon kowa shiru. Isiya ya raɗa mani cewa in zan ji tsoro, waɗannan zan ji wa.

Aka jera mu, aka busa usur, ƙasa ta ɗauki rugugi. Wannan karon na danne zuciyata. Na bar su suka tafi, na kama bayan Isiya ina kallon wuyan rigarsa kawai. Muka bi ta gindin dutse, inda tsakuwa ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, muka gangara cikin gonakin da aka girbe. Kututturan kara a tsaye ko'ina kamar ƙusoshi, dole ka riƙa zaɓen inda za ka taka. A nan muka fara tsintar waɗanda suka fita da wuta: wani ya riƙe ciki, wani ya koma tafiya, wani mai takalmi mai sheƙi ya zauna a kunya yana haki. Duk wanda muka wuce sai in ji ƙarfi ya ƙaru mani. Wallahi dariya ta riƙa zo mani ina gudu, don daɗi.

Sai muka faɗa busasshen rafi. Yashi mai laushi, ka taka ƙafa ta nutse, ka ciro kamar ana riƙe ta. Muna gab da fita Isiya ya taka gefen wani dutse da yashi ya rufe, ƙafarsa ta gurɗe, ya faɗi. Na ja burki na kama hannunsa. Ya fizge ya daka mani tsawa, shi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba: "Wuce! Namu uku na gaba, ɗayan na can baya. Kai ne na huɗu yanzu. Wuce mana!" Wani malami mai tsaron hanya ya taho da gudu wurinsa. Na wuce.

Ban taɓa jin nauyi irin wannan ba. Ɗazu ɗan rakiya ne ni, yanzu tafiyar makarantarmu Katsina na kan ƙafata.

A cikin lambun mangwaro na cim ma wani ɗan Makera, gajere baƙi, ƙafa ba takalmi. Na wuce shi, ya wuce ni. Na ƙara wuce shi, ya ƙara dawowa. Ba wanda ya kalli wani, amma numfashinmu ya zama ɗaya. Tare muka wuce mutum biyu, tare muka hau kwalta, inda hanya ke bi ta gefen kasuwa ta koma fili. 'Yan acaɓa na ta hon, mata masu fura sun ajiye ƙwarya suna guɗa, yara na bin mu a gefe. Ƙirjina kamar an zuba garwashi, ƙafafuna sun fara zama na wani.

A nan na ji muryar da ba za ta taɓa ɓace mani ba.

"Kabiru! Kai Kabiru! Ɗaga ƙafa!"

Baba ne, Yaya. Babanmu. Ashe bayan fitarmu ya ɗauko akuya ya ce wa Inna zai kai kasuwa. Akuyar ma na hannunsa, bai sayar ba. Na gan shi ya cusa igiyar a hannun wani mai rake da bai sani ba, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya faɗo gefen titi yana gudu tare da ni. Mutumin da ko ruwan sama bai sa shi sauri! Hularsa ta faɗi, bai waiwaya ba. Takalminsa ɗaya ya fice, ya bar shi. Yana gudu yana nuna ni yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba, "Ɗana ne! Wannan ɗana ne!"

Ban san daga inda ƙarfi ya zo ba. Na manta da ƙirji, na manta da ƙafa. Ɗan Makera ma ya buɗe wuta. Muka shiga fili kafaɗa da kafaɗa, ihu ya rufe mani kunne, muka faɗa kan layi kusan tare, muka zube a ƙasa ɗaya a kan ɗaya. Alƙali ya ce shi ne na takwas, ni na tara. Ya riga ni da ƙirji. Muna kwance muna haki ya miƙo mani hannu ya ce sunansa Hamisu, muka fashe da dariya, muka raba ledar ruwa ɗaya.

Ina tashi na hango taro a teburin alƙalai. Baba ne a tsaye, kai ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana musu da alƙali. "Malam, ka ji tsoron Allah. Da idona na ga ƙafar yaron nan ta riga shiga." Alƙali na ce masa ƙirji ake dubawa, Alhaji, shi kuma yana tambaya tun yaushe aka fara gudu da ƙirji. Sai da Malam Lawal ya zo ya ba shi haƙuri yana danne dariya.

Da aka haɗa lissafi, Makera ce ta ɗaya. Kowa ya kasa kunne yana jiran ta biyu. Da mai lasifika ya ambaci makarantarmu ta Kurfi, ban san lokacin da na yi tsalle na rungume Malam ba. Isiya, da ƙafarsa a ɗaure, aka ɗaga shi sama yana ihu. Targaɗe ne kawai, mai ɗori ya ce zai warke kafin Katsina.

Ban koma a motar makaranta ba. Baba ya ce in biyo shi. Muka nemo hula, muka nemo takalmi, muka karɓo akuya wurin mai rake, ya saya mani tsire da burodi ya zauna yana kallona ina ci. A mota muna hanyar Kurfi, akuya na tsakanin ƙafafunmu, ya daɗe yana kallon gonaki ta taga. Can ya ce a hankali, "Da Sani na nan, da ya fi ni ihu."

"Sani" ya ce, Yaya. Ba wancan ba. Na yi kamar ban ji ba don kada ya ji kunya, amma na ji, kuma da na gaya wa Inna a madafi sai da ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale.

Don haka ga roƙona. Duk ranar da ka karanta wannan, kada ka kira ni, kada ka kira Inna. Lambar Baba za ka kira. Ko gaisuwa kawai ka yi, ko shiru ku yi ku biyu, ka dai kira. Na tabbata zai ɗauka. Bayan kun gama sai ka ce a ba ni, in ba ka sauran labarin da baki, don akwai abin da rubutu ba ya iya ɗauka, musamman yadda Baba ke gudu.

Allah Ya tsare mana kai a cikin ramin nan da wajensa. Allah Ya ba ka halaliyarka, Ya kare ka daga mugun ji da mugun gani, Ya dawo mana da kai gida da ƙafafunka. Allah Ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana. Ni kuma ka sa ni a addu'a, Allah Ya ba mu sa'a a Katsina, Ya sa in riga Hamisu ko da da ƙirji ne. Amin.

Ƙaninka mai kewarka,
Kabiru