Kwalbar Da Ta Kwanta Shekara Bakwai

Zuwa ga maigidana, Baban Rahila,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana hutawa lafiya a inda babu ciwo. Dalilin wannan takarda shi ne in yi maka albishir, in kuma amsa wani laifi. Rahila ta yi aure ranar Asabar, kuma ta sha ruwan inabinka.

Ka tuna kakar da ka haɗa shi a garejinmu na McLeansville, nan ƙasar Turawa? Shekara bakwai ke nan. Inabi iri uku ka samo a gonar maƙwabcinmu, ka matse kowanne daban, sannan ka gauraya. Na farko mai bauri ne, yana kama harshe kamar ɗanyen goro. Na biyu mai laushi, ƙanshinsa kamar nunanniyar ɗinya. Na uku ɗan kaɗan ka zuba, don launi.

Da na ɗanɗana na yamutsa fuska, na ce wannan ai horo ne. Ka yi dariya ka ce, "Maman Rahila, wannan ba burkutun garinku ba ne da ake shanyewa kafin kwana uku. Baurin nan shi ne ƙashin bayansa. Mai laushin shi kaɗai ba zai daɗe ba, mai baurin shi kaɗai ba zai shawu ba." Ka toshe kwalba goma sha biyu, ka yi wa Rahila alkawarin ranar aurenta za a buɗe. Ta amsa da Turanci kamar kullum, wai ita da aure har abada.

To, ga laifin. Bayan rasuwarka na sauka ɗakin ƙasa, na tarar da kwalaben kwance a kan kanta. Na ɗauka ciwo ne ya hana ka gyara su. A gidanmu wa yake barin kwalbar manja a kwance? Na tashe su tsaye, na goge, na jera su kamar 'yan makaranta a layi. Ni fa, malamar kimiyya, mai gaya wa 'ya'yan mutane kullum su yi tambaya kafin su taɓa abu! Ashe kwanciyar ce ke jiƙa toshiyar. In ta bushe, iska ta samu hanya.

Saura mako guda biki muka fara buɗewa, ni da ƙanwarka Laraba. Ta farko, tsami. Ta biyu, tsami. Laraba ta ce, "Matarmu, wannan ko kwaɗon rama ba zai karɓe shi ba." Muka kai ta goma sha ɗaya, ina hawaye tana ba ni haƙuri da dariya a bakinta. Can ta ce, "Tsaya, ina ɗayar?"

Bayan tsohon akwatinka muka same ta, ta gangara can ta kwanta cikin yanar gizo. Ita kaɗai ce hannuna mai son gyara bai kai gare ta ba. Ban yarda an taɓa ta ba sai ranar biki.

Da muka dawo daga coci, na buɗe ta a gaban ango da amarya. Toshiyar ta fito da danshinta. Launin ya tashi daga jan zoɓo ya koma jan ƙasa. Ƙanshin ɗinyar yana nan, ga na kanumfari, ga wani kamar ƙasa bayan ruwan fari. Baurin bai tafi ba, kwantawa ya yi, kamar muryarka in kana faɗa cikin wasa.

Rahila ta kurɓa. Sai ta ce, da Hausa, Baban Rahila, da Hausa fa: "Mama, Baba ya cika alkawari." Laraba ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ranar Litinin na ba ɗalibaina labarin, suka yi ta yi mini dariya, na bar su suka ƙoshi. Kai ma na san kana yi.

Allah ya ba ka hutu cikin salamarsa. Ya sa auren 'yarmu ya yi ƙarko, baurinsa ya kwanta, daɗinsa ya ƙaru da shekaru. Amin.

Taka, wadda yanzu take tambaya kafin ta gyara,
Maman Rahila