Wa Ya Kife Tikitin Lucjan?

Torun, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata Danuta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya sanyin bakin teku, ya gwiwar taki? Da waya zan buga miki, to amma na san yadda za mu ƙare: ni ina ta ihu, ke kina "me ka ce?" Shi ya sa na ɗauko biro.

Wani abu ne ya same ni ranar Asabar. Ƙarami ne, amma ya hana ni sukuni. Na je kasuwa kamar kullum, na ajiye mota a filin nan na bayan tsohon gidan burodi, wanda wani kamfani ya saya ya kafa injin tikiti. Na biya, na ɗora tikitin a ƙarƙashin gilashin gaba, na kulle. Har na zagayo ta gaba na karanta lokacin da ke jiki ta cikin gilashi. Kin san halina tun ina tuƙa bas ɗin gari, ba na barin mota sai na zagaye ta. Ina dawowa da kabejina da tuffa sai ga takarda a maƙale jikin waifar goge gilashi. Wai tara, zuloti ɗari da hamsin, don ba a ga tikiti ba. Na leƙa. Tikitin yana nan inda na ajiye shi, amma a kife, farin bayansa na kallon sama.

Yaya, ta yaya takarda za ta juya kanta a cikin mota a kulle?

Ranar Lahadi 'yata Jagoda ta zo cin abincin rana bayan coci, na ba ta labari ina tsammanin za ta taya ni mamaki. Ina! Ta ajiye cokali ta ce, "Baba, ai babu abin mamaki. Kai ka kife shi."

Na ce, "Na karanta shi ta gilashi da idona."

Ta ce, "Haka ka ce ka kashe wuta ranar da tukunya ta ƙone."

Kin ji 'yar taki. Tukunya ɗaya tak, tun bazara, amma har yau ba ta huce ba. Ta ce ita za ta biya tarar a wuce wurin, amma tana so in ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma kafin nan in ba ta makullin mota. Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali, tana shafa mini hannu, wannan kuwa ya fi ciwo. In babu mota, ta yaya zan je lambuna a bayan gari? Wa zai riƙa kai ni kabarin matata Irena in share mata ganye?

Na ce kada ta biya ko sisi. Na rubuta wa kamfanin, na haɗa da hoton tikitin, na ce ga shaida na biya.

Ki gaishe mini da mijinki Tadeusz, ki ce ya rage taba.

Ƙaninki,
Lucjan


Torun, 19 ga Nuwamba

Yaya Danuta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta yi sauƙi. Ban ji daɗi ba da kika ce in biya in huta. Ba kuɗin ne ya dame ni ba.

Kamfanin sun amsa. Sun yarda an sayi tikiti a lokacin, amma wai dokar filinsu ta ce dole a iya karanta shi daga waje, don haka tara tana nan. Sun ce in ina da wani sabon bayani in sake rubutowa. To ni ma bayanin nake nema.

Kin tuna Zenon, maƙwabcina na sama, mai aski da ya yi ritaya? Shi na jawo cikin aikin. Ya ce iskar ƙofa ce, in ka buga ƙofa da ƙarfi sai takarda ta tashi. Muka sauka tsakar gida da tsohon tikitin muka fara gwaji. Ni in ɗora, in buga ƙofa, shi yana tsaye a gaba yana kallo. Mun gwada ƙofar direba, mun gwada ta baya, mun gwada murfin but na zuba kaya, da taga a buɗe da kuma a rufe. Tikitin yakan zame, wani lokaci ya faɗo ƙasa wajen ƙafa, sau ɗaya ma ya shige ramin iska har sai da Zenon ya zaro shi da hantsakin gira. Amma ya juye tsaf ya kwanta a inda yake? Ko sau ɗaya.

Matar bene na biyu ta leƙo ta taga ta ce, "Ku tsofaffin nan, in motar ce ta yi muku laifi ku kai ta kotu, jikana na barci!"

Zenon ya ɗaga mata hula ya ce, "Binciken kimiyya muke yi, uwargida." Sannan ya juyo gare ni: "Kai dai ka amsa, tsoho. Shekara nawa kana zuba fasinja a tashar da ba tasu ba?"

Na ce, "Wanda ya yanke wa limamin coci kunne shi ke magana?"

Mun yi dariya, amma da na hau sama na zauna ni kaɗai sai tunani ya dame ni. In ba iska ba ce, to wa ya rage? Ni ke nan. Ina rufe ido ina ganin lambobin nan ta cikin gilashi sarai. Amma wa ya sani ko na wata Asabar ɗin nake gani? Ban faɗa wa Jagoda wannan ba, ke kaɗai nake faɗa wa.

Jiya Zenon ya zo da wata sabuwa. Wai wani ya gaya masa masu duba tikiti suna girgiza mota da gangan don takarda ta juye. Ban yarda ba, amma ina so in gani da idona. Ranar Asabar zan ajiye motar a wurin, mu shiga shagon shayin da ke tsallaken titi, mu zuba mata ido.

Ki kula da kanki, ki riƙa sa safa mai kauri.

Naki,
Lucjan


Torun, 4 ga Disamba

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina fatan ku duka kuna lafiya, har da kyanwar nan taku mai satar kifi. Ki nemi kujera ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Mun yi yadda na ce. Na ajiye mota, na ɗora sabon tikiti, Zenon ya shaida fuskarsa na kallon sama, muka tsallaka muka kama teburin bakin taga. Ya sa na saya masa shayi da kek, wai kuɗin aikin leƙen asiri. Can sai ga mai duba tikitin, wata mata mai rigar ruwan ɗorawa. Ta leƙa gilashina, ta wuce abinta, ko taɓa motar ba ta yi ba. Na ce wa Zenon, "Ga ɓarauniyar taka." Har na fara neman hulata, sai ya damƙe mini hannu ya ce, "Tsaya. Waccan mai jan gyalen ba 'yarka ba ce?"

Jagoda ce. Ta shigo filin tana waige-waige kamar mai tsoron kare. Ta je wurin motata, ta fiddo makullin nan na biyu da na ba ta ajiya tun rasuwar mahaifiyarta, ta buɗe. Ta ja birkin hannu ta ji ko ya kama. Ta duba fitila. Sannan, Yaya, ta miƙa hannu ta ɗauki tikitin, ta kai shi dab da hancinta, ta nesanta shi, ta sake matso da shi, kafin ta mayar.

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce, "Baiwar Allah, kin biya kuɗin zama a nan?"

Ta zabura har kanta ya bugi rufin mota. "Baba! Ba kana kasuwa ba?"

"Ke ba kina wurin aiki ba?"

Fuskarta ta yi ja kamar gyalen. A nan tsaye cikin sanyi ta gaya mini komai. Tun ranar tukunya take fitowa daga kantin maganin da take aiki duk Asabar, ta zo ta duba ko na bar fitila a kunne ko na manta ban biya ba, ta koma ba tare da na sani ba. Na ce, "Har da ranar da aka ci ni tara?" Ta ce har da ranar. Na ce, "Kin ɗaga tikitin?" Ta ce ta ɗaga, kuma ana cikin haka wayarta ta yi ƙara, aka ce ta dawo da sauri.

"To da kika mayar, ta wace fuska kika ajiye shi?"

Ta ce, "Ban tuna ba."

Zenon, da ya biyo ni da sauran kek a hannu, ya ce, "Ayya, yarinya. Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, an ce ya iya aiki."

Na so in yi dariya, amma sai na ga tana hawaye. Ta rantse ko sau ɗaya bai zo mata a rai cewa ita ce ba, don ta riga ta gama yarda ni ne. Ta ce, "Baba, tsoro nake ji. Kai kaɗai ka rage mini." Ni da na yi tanadin faɗa tun daga tsallaken titi, sai na watsar da shi. Na rungume ta kawai, mutane na wucewa da kwandunansu suna kallonmu.

Da kanta ta rubuta wa kamfanin abin da ya faru, ta sa hannu. Shekaranjiya suka amsa cewa sun soke tarar a wannan karon, tare da gargaɗin mu riƙa kula. Zenon ya ce in sa takardar a firam.

Makullin motata yana aljihuna. Na biyun ma ban karɓe ba, na ce ta riƙe, amma in za ta duba ni ta zo mu tafi kasuwar tare, ta ɗaukar mini kwando. Kuma na yarda zan ga likitan, bisa sharaɗin ita ma za ta je a auna mata ido, don wanda ke kai takarda hanci kafin ya karanta bai kamata yana ba mutane magani ba.

Abu ɗaya nake so ki sani, Yaya. Wannan karon ni ke da gaskiya, amma na san akwai ranar da ita za ta zama mai gaskiya. Na gaya mata, in ranar ta zo kada ta bi ni a ɓoye. Ta zauna gabana ta faɗa mini, ni kuma da hannuna zan miƙa mata makullin. In na yi gardama, ke ce shaida.

Za mu zo muku Kirsimeti. Ni zan tuƙo.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Lucjan