Yayana na sayar da 'yan tsaki da sunana

Salamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, Haɗeja ba ta da girman da za a kasa gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji. Ban yi nisa a boko ba, ku karanta yadda ya zo.

Kiwon kajin ƙwai nake, jajayen nan na gidan gona da ake kawo 'yan tsakinsu daga kudu. Na daɗe a kai har sunana ya ɓace, kowa Mai Kaji yake ce mini. Wannan irin kazar in ka ba ta abincinta da ruwa mai tsafta da rigakafi, kusan kullum sai ta ajiye maka ƙwai, ba ta kwanci, ba ruwanta da zakara, zafin bazara ne kawai ke rage ta. Ɗakin kajin a filin Yayana yake, kan tudu gefen fadama inda ambaliya ba ta kaiwa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, bai taɓa yi mini maganar haya ba. Na faɗa ne don kar wani ya zo yana ce mini butulu.

Shi manomin shinkafa ne, duk shekara daga gonarsa yake cire iri, sai ya ɗauka kaza ma haka take. Bara ya ce wauta ce ina ta sayen 'yan tsaki ga uwaye a gida. Ya kawo wani jibgegen zakaran Hausa ya jefa cikin kajina, ya riƙa kwasar ƙwai yana sa wa kajin gidansa da agwagi suna ƙyanƙyashewa. Na ce Yaya, likitan dabbobi ya gaya mini wannan irin haɗi ne, 'ya'yan ba sa biyo uwa ko da zakaran irinsu ne, balle wannan. Ya ce wane likita, yaron da aka haifa a gabansa, ni kuma yaushe na zama bature. Da furfurata yake ce mini kai yaro.

'Yan tsakin suka fito, da yawansu jajaye gwanin kyau. Da suka isa ƙwai sai abin da na faɗa, ɗan ƙwai ƙarami, kaza ta yi kaɗan ta daina, ta samu lungu ta kwanta. Na nuna masa, ya ce ba su gama girma ba ne, a ƙara musu dusa. Ashe tuni yana kai wasu kasuwar Kafin Hausa yana cewa irin Mai Kaji ne, mutane kuwa suna saye don sun san ƙwaina.

Makon jiya wata dattijuwa daga wani ƙauye wajen Miga ta yi ta tambaya har ta same ni. Akuyarta ta sayar ta sayi kajin a wurin Yaya, don ta riƙa samun na cefanen jikokinta. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa ta yi, ɗan nan, kajin naka amare ne, sai ci sai kwanciya, ko akwai maganin da ka manta ba ka ba ni ba? Na cika mata kwano da ƙwai ta tafi.

Na je na sami Yaya a gona, na ce ya daina, in kuma ba zai daina ba ya cire sunana. Ya ce wato shi maƙaryaci ne, shi da ya goya ni. Ya ce ranar da na buɗe baki a kasuwa na kunyata shi, ranar in kwashe langa-langar ɗakin kajina daga filinsa. Ga damina ta matso, ba ni da wani tudun, in na sauko da kajin ƙasa ruwa ne zai cinye su. Matata ta ce in yi shiru, ai ba ni na sayar ba. Abin da ya fi ci mini rai, shi ba cuta yake nufi ba, har ga Allah ya yarda wata rana za su fara ƙwai kamar uwayensu.

Yanzu ya aiko cewa kasuwa mai zuwa in zo in tsaya kusa da kejinsa, mutane su ga fuskata su ƙara yarda. Dattijuwar nan ma ta aiko cewa ranar za ta zo da kajinta a kwando, in duba mata su a gaban Yayan.

Masu cewa in yi haƙuri, na yi, shi ya kawo ni nan. Ku gaya mini kawai, in ta ajiye kwandon a gabana, Yaya na tsaye, ta ce ɗan nan yaushe za su fara, me zan ce mata?