Abin da Baba Yake Haɗawa a Shago

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Na rubuto ne domin a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Maganar Baba ce. Da kunnenki kika ji likita ya ce ya ajiye zarto, tunda hannun daman nan bai daina rawa ba. To, bai ajiye ba. Kullum da safe, da mun shafa addu'a, sai ya ja ƙafa zuwa shagon bayan gida ya turo ƙofa. Kafin shayi ya huce ya fito yana gumi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne katakon. Kin tuna jan katakon nan da ya hana kowa taɓawa tun Mama na da rai? Shi ya sauko da shi. Ba wanda ya ba shi aiki, kuma ban ji ƙarar guduma ba ko sau ɗaya.

Na tambaye shi, ya ce in lokaci ya yi zan gani. Yaya, ki ji abin da ke damuna. Ina tsoron akwatin gawarsa yake haɗawa, kin dai san yadda yake raina aikin sauran kafintoci.

Ki huta lafiya,
Autarku

Zuwa ga Auta,

Na amsa gaisuwarki, ki gaishe mini da Baba. Ke dai ba kya rabuwa da tayar wa mutane hankali, amma ban ɓoye miki ba, abinci ya ƙi shiga tun da na karanta.

Maimakon laɓe a bakin ƙofa, ki shiga ki duba tsawon katakon. Baba bai taɓa yanka abu bai auna mai shi ba. In nasa ne, zai kai tsayinsa. Ni ba zan iya yin tafiya yanzu ba, kada kuma ki tambaye ni dalili.

Allah ya kiyaye ku,
Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na shiga ranar da ya tafi taron maza a coci. Mafi tsawo a cikin katakon bai wuce ƙuguna ba, ga kuma wasu sirara a jere, an goge su sumul. Ina tsaye ina juya ɗaya sai na ji gyaran murya a bayana.

Ya ce, "Malama mai bincike, me kika gano?"

Na ce ban gano komai ba, sai dai ba akwati ba ne. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce gadon jariri ne, kuma naki ne.

Yaya, ki yi haƙuri, dole in gaya miki. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan ai fama miki ciwo ne, bayan jarirai uku da kika rasa. Sai ya ce, "Na sani, Auta. Ɗan akwatin na ƙarshen ni na haɗa shi. Ba na son ya zama shi ne aikin ƙarshe na hannun nan."

Na kuma gano sirrin gudumar. Ba ya iya riƙe ƙusa, shi ya sa yake fafe kowane katako ya shiga cikin ɗan'uwansa, mahaɗi ɗaya kowace safiya. Na ce ina yake samun ƙarfin? Ya ce na safiya ɗaya yake roƙon Ubangiji, kuma har yau ba a hana shi ba. In kin ce a ɓoye gadon, zan san dabarar da zan yi.

Taki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki. Na daɗe ina kuka kafin in ɗauki biro.

Ina da ciki, ya shiga wata na shida. Shi ne dalilin da likita ta hana ni hawa mota. Daga ni sai maigida muka sani. Ko safa ɗaya ban saya ba, in na bi ta layin masu kayan jarirai kawar da kai nake yi. Ina addu'a, amma da na zo kan maganar yaron nan sai bakina ya mutu, don tsoro nake ji in sa rai.

Wa ya gaya wa Baba? Mafarki ya yi? In ya ga wani abu, ina so in sani. Ki bugi cikinsa, amma kada ki faɗa masa.

Yayarki

Zuwa ga 'yata,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ki. Auta ce ke rubutawa, ni nake faɗa. Kada ki yi mata faɗa, ta yi ƙoƙari, har zuwa cin abincin rana ta riƙe maganar.

Ban yi mafarki ba, ba wanda ya gaya mini kafin in fara aikin, kuma ba zan yi miki alkawari da bakin Allah ba. Ban san abin da zai faru da cikin nan ba. Abin da na sani shi ne ranar da muka binne uwarki na ce ba zan ƙara tashi ba, da gari ya waye sai na tarar Ubangiji yana nan tare da ni, washegari ma haka. Wanda bai gudu ranar nan ba, ba zai gudu daga gare ki ba, ko yaya ta kasance. In bakinki ya mutu, ki yi shiru, mu muna faɗa a madadinki.

Ga zare a cikin ambulan, faɗin gadon ke nan. Ki gwada shi a ƙofar ɗakinki. Gadon da ba ƙusa, in ya haɗu ba ya warewa, gara in sani tun yanzu.

Allah ya yi miki albarka,
Babanki

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya ƙarfin jiki? Zaren ya yi kwanaki a jakata ban iya fito da shi ba. Yau da safe na gwada. Zai shiga, sai dai kabad ya tare wurin da zai zauna. Mun fitar da kabad ɗin.

'Yarka