Tambayar Mama a gaban citta

Laraba da dare, Kafanchan

Sakamakon gwajin Mama na asibiti ya fito, kansar nono ce. Na tarar da Mama a tsakar gida tana tsaga citta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke da kika yi karatu, wa ya jefe ni?"

Na ce babu kowa. Na ɗauki citta ɗaya na nuna mata cewa ƙwayoyin jiki ma haka suke rabuwa biyu. Akwai wani furotin, wato sinadarin jiki, mai suna kinas da ke tsayawa daidai tsakiyar ƙwaya, ya nuna inda za a raba. In ya koma wani gefe sai rabon ya karkace, wani lokaci daga nan ciwo irin nata yake farawa.

Ta ce, "Wato yana nan da ransa, wurin aikinsa kawai ya bari?"

Na ce e. Ta ci gaba da tsagarta.

Shekara biyu ina jami'a, kullum idona a kan furotin ɗin nan a ɗakin bincike. Ashe kullutu yana ta girma a nonon Mama, tana shafa masa man addu'a, tana ce mini "lafiya lau" a waya. Ko Kirsimeti ban zo gida ba.